KIFIN JEGO

Shafi na 11

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Na karanta saƙonninku duka, da masu cewa in tausaya wa Dankure da masu cewa kada in raga masa. Ku gyara zama, mu bi shi a hankali.

*

Rana ta take tsaka lokacin da lorin Argungu ta sauke Dankure a bakin kasuwar Birnin Kebbi. Bazara ce, ta farko tun da ƙasa ta sami mulkin kai, zafi har cikin ƙashi. Bai tsaya shan ruwa ba. Ya saɓa burgaminsa, jakarsa ta fata, ya nufi gidan Malam Abdussamadu, mijin ƙanwarsa Fadimatu.

Cikin burgamin gwangwani ɗaya ne kawai, amma ji yake kamar dutsen niƙa ya ɗauko.

Kwana goma sha uku ke nan da Fadimatu ta haifi ɗanta na fari. Iyayensu sun rasu tana ƙarama, Dankure ne ya raine ta, shi ya aurar da ita. A zuriyarsu ta masunta, idan ɗiya ta haihu, daga gidan ubanta ake kai kifin jego, bandararre, wanda za a riƙa yi mata romo har ta yi arba'in. Bana ruwa ya janye da wuri. Kwana shida yana shiga gulbi da homarsa, ragarsa ta kamun kifi, yana fitowa da abin da bai cika ƙwarya ba. Ran da labarin haihuwa ya zo, sai ya ɗauki maganin feshin ƙwari da malamin gona ya raba musu, ya tsiyaya a tafkin bayan gonarsa.

A tunaninsa duk ɗaya ne da magimfa, ganyen nan da ubansa ke dakawa ya zuba a ruwa. Kifi ya bugu ya taso, a fasa cikinsa, a ɗora a wuta, a ci lafiya. Kwando biyu ya cika ya aiko.

Yau da safe matarsa Sadatu ta kira shi bayan ɗaki. Ɓurɓushin da ya rage a wurin banda ta share ta watsa wa agwaginta jiya. Huɗu suna kwance, ƙafafu a miƙe. Magana ɗaya ta faɗa masa: ko ya tafi Birnin Kebbi, ko ita ta tafi.

Sau biyu yana buɗe baki a ƙofar zaure kafin sallamar ta fito.

Malam Abdussamadu ya taso daga kan buzu da fara'a. Malamin elemantare ne, ɗan gidan malamai, mutum mai sanyin magana.

"Wa nika gani? Yaya! Kai da kanka, cikin wagga rana? Jiya-jiya munka rabu wurin suna."

"Na zo in ga jikin Auta."

"Wa yag gaya maka? Ni ban aika ba, don kar in tayar maka da hankali."

Dankure ya tsaya cak. Shi bai san ba ta da lafiya ba. Fata yake ta yi a cikin lori ya tarar da ita tana dariya.

"Mi yas same ta?"

"Tun bayan suna. Amai, juwa, ciwon kai. Hannunta na rawa, ko ludayi ba ta riƙewa daidai. Shekaranjiya ta hwaɗi wurin wanka, jiki yas sandare ɗan lokaci. Nic ce mu tahi asibiti, Inna tac ce mai jego ba ta hita kahin arba'in." Ya yi ɗan murmushi don ya kwantar masa da rai. "Amma mun gode Allah da kihinka. Ba ta cin tuwo, ba ta shan kunu. Romon ga kaɗai ka shiga cikinta, shi ma don Inna na tsaye kanta."

Dankure ya dubi ƙasa.

"Sau nawa taka sha?"

"Da hwarko sau biyu. Yanzu da jiki ya yi rauni, Inna ta mai da shi huɗu."

Nan ne ya kamata ya faɗa. Su biyu ne a zaure, namiji da namiji, babu mai jin su. Ya sa hannu a bakin burgami har ya taɓa sanyin gwangwanin. Sai Malam ya dafa kafaɗarsa.

"Ka san duk wanda yaz zo barka sai Inna ta nuna mai kwandunan ga. Cewa taka yi, ku ga abin da maraya ya yi ma ƙanwatai, wanda masu uba ba su yi ba."

Dankure ya zare hannunsa.

Suka shiga cikin gida.

Inna Riskuwa, mahaifiyar Malam, tana bakin murhu. Babbar tukunyar ruwan wanka na tafasa a gefe ɗaya, ƙaramar tukunya a ɗaya gefen, ƙamshin kifi da yaji ya cika tsakar gida. Tsohuwa ce gajera mai ƙarfi, ta yi wa mata fiye da ashirin wankan jego a unguwar, kuma ba a taɓa jin ta rasa abin faɗa ba.

"Lale da Bakabe, mutumin Argungu! Lale da mai ruwa! An zo a ƙirga ko mun cinye kihin?"

Ya durƙusa ya gaishe ta.

"Tashi, tashi, ƙasa da zahi. Gara da kaz zo. Zo ka yi ma ƙanwarka hwaɗa. Ɗiyar masunta, an haihe ta bakin gulbi, amma tsoron ruwa taka yi! Kullum sai na ja ta wurin wanka. Ga sanyi nan ya shige ta, shi na ka kaɗa mata hannu. Na ƙara wuta, na ƙara ganye, na ƙara romo. Mi kuma za ni yi?"

"Inna," in ji Dankure, muryarsa ƙasa-ƙasa, "kihin ga... da kin ba ni in koma da shi."

Ta tsaya da ludayi a hannu.

"Ka koma da mi?"

"Ina ganin bai bandaru da kyau ba. Ina tsoron ya ɓaci. In na koma sai in aiko da wani."

Ta kwashe da dariya har tana dukan cinya.

"Abdu, ka ji surukinka? Ya kawo kyauta ya dawo karɓa! To zo nan, zo ka gani."

Ta ja shi ɗakin ajiya, ta ɗage faifan da ke kan kwando. Ɗaya ya ƙare, ɗaya ya rage fiye da rabi. Tarwaɗa a nannaɗe, baƙi wuluk, suna sheƙi.

"Shekara arba'in ina aje banda. Cikin zahin ga, kwana uku sai ka ga tsutsa, ka ga tururuwa sun yi hanya. Dubi wanga. Ko ƙuda bai sauka kai! Na ce ma maƙwabta, wanga kihi albarka gare shi, hannun da yak kama shi hannun halal na."

Dankure ya ƙura wa kifin ido.

Shi masunci ne tun yana shekara bakwai. Ya san ƙuda ba ya ƙin kifi.

"Wa da wa ac cikin masu ci, Inna?"

"Wa zai ci? Kihin jego na mai jego na. Abdu ya roƙe ni gutsure ɗaya nih hana shi. Ni kaina ko gishirinai ban ɗanɗana, ita nika miƙa ma ludayi." Ta mayar da faifan. "Yanzu bar wagga magana. Wuce ka gan ta, ga romo nan ya yi."

Ɗakin da zafi, an hura gawayi ƙarƙashin gadon ƙasa kamar yadda ake yi wa masu jego. Fadimatu na jingine da bango. Kwana shida kawai da ya gan ta, amma wuyanta ya fito, idanunta sun faɗa. Jaririn na kan cinyarta cikin zane, yana shan nono. An sa masa Attahiru, sunan mahaifinsu.

Da ta ga yayanta sai fuskarta ta washe.

"Yaya."

"Auta."

Ya zauna bakin ƙofa. Ya kasa matsawa kusa.

"Ya su Sadatu? Ya ruwa?"

"Suna gaishe ki."

"Kar ka ji maganar Malam, shi komi sai ya girmama shi. Na ji sauƙi."

Tana faɗa, yatsunta na kaɗawa a kan zanen yaron. Ta lura yana kallo, ta tura hannun ƙarƙashin zane.

Inna Riskuwa ta shigo da ƙwarya tana tururi, Malam na biye da ita.

"To, yau ga mai kihi gaban ki. In kin isa ki yi min yanga. Buɗe baki."

Fadimatu ta dubi ƙwaryar. Dankure ya ga yadda maƙogwaronta ya motsa, ya ga ta rufe ido ta ja numfashi kamar mai shirin nutso. Ta buɗe baki.

Ludayin ya taso.

"Kar ta sha!"

Bai san muryarsa za ta fita haka ba. Jaririn ya firgita ya saki nono. Romon ya zube a kan tabarma.

"Kai, lahiya?" in ji Inna.

"Kar ta sha, Inna. Don Allah aje shi."

"Bakabe, ka hwara wasa ya wuce wuri. Ɗakin mai jego na."

"Ba wasa nika ba."

Ya jawo burgamin. Ya fito da gwangwanin ya ajiye a tsakiyar ɗaki, ya sunkuyar da kai har haɓarsa ta taɓa ƙirji.

"Ba da homa nik kama shi ba."

Ya ci gaba, bai ɗago kai ba.

"Ruwa ya hana ni. Kwana shida. Anka ce Auta ta haihu, ni ko ba ni da abin kawowa. Nij ji kunyar a ce ɗiyar Attahiru ta yi jego babu kihin gidansu. Sai niz zuba wanga cikin tabki."

Malam ya durƙusa ya ɗauki gwangwanin. Ya juya shi wajen hasken ƙofa. A jikinsa akwai rubutun boko, da hoton ƙoƙon kan mutum. Ya daɗe yana karantawa, leɓɓansa na motsi.

"Yaya, ba ka ga hoton ga ba?"

"Na gani."

"Mi kaz zata?"

"Na zata don kar a sha shi na. Ni ko ban ba kowa sha ba. Ruwa niz zuba ma. Babanmu na zuba magimfa, mu ci, ba abin da ka samun mu. Ya ce muna wuta na cinye dahin. Nic ce wanga ma haka na. Na hwasa cikinsu, na wanke, na bar su kwana biyu bisa wuta. Wallahi kwana biyu, Malam."

"An rubuta nan, wanda yat taɓa shi ya wanke hannu da sabulu kahin ya ci abinci." Malam bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi zafi. "Taɓawa kawai, Yaya."

"Amma wuta..." in ji Inna Riskuwa. Ba ta ƙarasa ba. Ta dubi Dankure kamar tana roƙonsa ya ba ta wani abin kamawa.

"Agwagin Sadatu sun ci ɓurɓushin banda jiya," ya ce. "Bandararre. Yau da sahe huɗu sun mutu."

Tsohuwar ta ajiye ƙwaryar a ƙasa a hankali. Ta dubi ludayin da ke hannunta. Ta sake shi.

"Sau huɗu," ta ce. "Ni da hannuna. Tana kau da kai ina matse mata baki." Ta juyo kansa, idanunta sun kaɗa. "Kai, ɗan nan! Kaz zo tun ɗazu. Ka gaishe ni, na yi maka wasa, na nuna maka kwando ina yabon ka, kana tsaye kana kallo na! Da ban ɗauko ƙwaryar ga gabanka ba hwa? Da ka koma Argungu da bakinka rufe?"

Dankure ya so ya ce a'a. Ya nemi kalmar a cikinsa bai same ta da tabbas ba.

"Na zage ta," in ji Inna, yanzu ba da shi take ba. "Na ce raguwa ce. Na ƙara mata zahin ruwa har hwatar bayanta ta saluɓe. Ya Allah, ta yaya mutum ukku cikin gida ba wanda yaj ji ko wari?"

"Na ji."

Fadimatu ce. Muryarta siririya, amma kowa ya juyo.

"Mi kic ce?" in ji Malam.

"Na ji, tun ran hwarko. Ƙarƙashin yaji akwai wani abu, kamar kananzir, kamar ɗaci. Ni ɗiyar masunta ce, Malam. Na san kihin homa, na san na magimfa. Wanga ba ko ɗaya ba na."

"Kika sani, kika sha?"

"Ban san guba ba ce. Na zata ya yi kusa da hitila wurin ɗauko shi, ko tabkin na da wani abu." Hawaye suka gangaro, ba ta share ba. "Inna na nuna ma mutane kwandon. Kowa na sa ma Yaya albarka. Ni ba ni da uwa, ba ni da uba, abin da gidanmu yak kawo ke nan. In buɗe baki in ce mi? In ce kihin Yayana na wari?"

Dankure ya rufe fuskarsa da hannu biyu.

Ya tuna ranar da aka kawo ta gidan nan, yadda ya ce mata a bakin zaure, duk abin da za ta yi kada ta bari a raina gidansu. Ta riƙe maganar. Ta riƙe ta kwana goma sha ɗaya, ludayi bayan ludayi.

"Auta," ya ce ta cikin tafin hannunsa, "ki yahe min."

"Yaya, bar kuka gaban surukai."

Ko a yanzu, mutuncinsa take karewa. Ya ji da ƙasa za ta tsage da ya shige.

Malam Abdussamadu ya miƙe. Ya cusa gwangwanin a aljihun rigarsa.

"Za mu asibiti yanzu. Da gwangwanin, da kihin, su gani da idonsu. Inna, na san arba'in ba ta cika ba."

Ya tsaya yana jiran gardama. Sai Inna Riskuwa ta tashi ta jawo mayafi daga kan igiya, ta fara yafa wa surukarta da kanta, tana gyara mata ɗankwali kamar ƙaramar yarinya.

"Yaya," in ji Malam, bai dube shi ba, "akwai jaki gidan maƙwabcinmu. Je ka ce ni nic ce. In sun tambaye ka dalili..."

"Zan gaya musu," in ji Dankure. "Da bakina."

Ya miƙe. Har ya kai bakin ƙofa.

"Malam."

Fadimatu ce kuma. Jaririn ya sake lalubo nono, ya kama, yana ja. Ita kuwa ta ƙura masa ido. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kallonsa haka a gaban mutane ba, saboda kunyar ɗan fari.

"Malam, abin da nika ci... shina bin nono?"

Malam ya fito da gwangwanin da sauri ya sake juya shi, sama da ƙasa, yana bin ƙananan layukan da yatsa.

"Ba su rubuta ba."

"Ba su rubuta shina bi ba, ko ba su rubuta bai bi ba?"

"Ba su ce komi ba, Fadimatu. Don ƙwari anka yi shi."

Ta sa yatsa ta zare nonon daga bakin yaron. Ya buɗe baki zai yi kuka, kukan bai fito da ƙarfi ba, wani ɗan sauti ne kamar na mage.

"Inna, jiya kin ce ya cika barci."

"Jarirai na barci, ɗiyata. Haka suke."

"Yau sau ukku yana mayar da nono."

"Miƙo shi nan."

Inna Riskuwa ta karɓe shi. Ta matso bakin ƙofa inda haske yake, daidai inda Dankure ke tsaye, ta buɗe zanen. Ta ƙura wa yaron ido.

Fadimatu ta dafa bango ta miƙe, mayafin ya zame. Ta leƙo ta kan kafaɗar surukarta.

"Yaya," ta ce. "Dubi hannunai. Shi ma rawa shika yi."